Bayan an raba ambulan, ina labaran suke tafiya?

A 2022, lokacin da aka sanar da cewa Amira Souley ta Maraɗi ce ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta BBC Hausa da labarinta «Garar Biki», Facebook ɗin Nijar kaf ya ɗauka. Har waɗanda rabonsu da karanta labari tun suna lakwal sun sa hotonta sun rubuta barka. Kuma abin ya kai a yi. Gasa ce da ɗaruruwan mata suke shiga duk shekara tun 2016, mafi yawansu daga Najeriya, inda ake da maɗaba'u da sassan Hausa a jami'o'i da ƙungiyoyin marubuta tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Ƴar Nijar ta shiga tsakiyarsu ta fito da kambu. Ni ma na yi murna, har yanzu ina yi.

Amma hankalina ya fi komawa kan sauran, waɗanda ba a kira sunansu ba. A gasar ana ɗaukar labari uku a ba su kyauta, a ware wasu goma sha biyu a ce sun cancanci yabo, a karanta su a rediyo. Saura fa? Ka ɗauki yarinya a Garin Malam ko a Mirya, ta yi sati uku tana buga labari da babban yatsa a waya, tana jiran wuta ta dawo ta yi caji, ta tura, shiru. Ba laifin BBC ba ne, ba za su iya amsa wa kowa ba, ba su ma yi alkawarin haka ba. Sai dai ita yarinyar ba ta san ko labarin ne bai yi ba, ko rubutun ne ya kayar da ita, ko saura ƙiris ta shiga. Labarinta na biyu kuma, ina za ta kai shi a nan Damagaram? Ka zagaya kasuwar Dole, ka bi masu sayar da littattafai ɗaya bayan ɗaya, ka ce a ba ka mujallar adabi ta Hausa da ake bugawa a garin nan, ka dawo ka ba ni labari. Ita tagar BBC ɗin ma ai ba tamu ba ce. A watan Disamba na 2024 hukumomi sun dakatar da tashar na wata uku a Nijar. Ko mene ne ra'ayinka game da wannan mataki, ka dai ga cewa mai leƙen duniya ta tagar maƙwabci ana iya rufe masa ita ba da shawararsa ba.

Abin da nake so mu yi gardama a kansa yau shi ne wannan: Damagaram mujalla take buƙata. Ƴar ƙarama, mai fitowa a kan lokaci, mai edita da aka sani aka san inda yake zama. Gasa da zaman karatu da bita duk a jikinta za a rataye su, kamar ƙore a ragaya. In babu ita, gasa biki ne na yini ɗaya.

Ba wai ba a yin gasa a nan ba. Ana yi, kuma duk mun san yadda take tafiya. Wani furoje ya samu kuɗi, sai a fitar da sanarwa: a rubuta labari ko waƙa a kan auren wuri, ko zaman lafiya, ko tafiya ci-rani. Galibi da Faransanci, wa'adi sati biyu. Ranar ba da kyauta a cika ɗaki, a rataya ƙyalle mai tambarin masu ba da kuɗi, manya su yi awa biyu suna jawabi. Wanda ya ci kuwa ko a ba shi minti biyu ya karanta wani yanki, ko ma a ce lokaci ya ƙure. A miƙa ambulan, a ɗauki hoto saboda rahoto, a watse. Rubuce-rubucen su shiga kwali, kwalin ya shiga ƙarƙashin tebur, gara ta samu nata rabon.

Auren wuri matsala ce, wallahi babba ma, ba na wasa da ita. Amma labarin da aka rubuta don ya burge mai ba da kuɗi, tun daga layin farko ka san ƙarshensa. Uba mugu, yarinya mai kuka, wani mushe ko wata ma'aikaciyar likita ta zo ta wayar da kai, shafi na ƙarshe kowa ya tuba. Yaran da ke shiga irin wannan gasa ba rubutu suke koyo ba, karatun fuskar alƙali suke koyo. Bitar marubuta ma haka: kwana uku, abin taɓawa da safe, kuɗin zama, takardar shaida. Waɗanda suka cika kujerun su ne dai waɗanda suka cika su a bitar kiwon kaji wancan watan. A yi kwana ukun nan cur ba wanda ya karanta shafi ɗaya na wani ya ce masa nan ka yi kyau, nan ka yi ƙarya.

Mu duba yadda gasa ta taɓa yin aiki a ƙasar Hausa, don ta taɓa yi. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban hukumar fassara ta Zariya, ya zagaya garuruwan Arewacin Najeriya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Yau shekara casa'in da ɗoriya ana karanta su. Wa ya tuna nawa aka ba Imam? Ba kowa. Abin da ya raya littattafan nan abin da ya biyo bayan gasar ne. An zauna an karanta, an yi gyara, an buga, an kai makarantu. Jiki Magayi ma sunan mutum biyu ne a bangonsa, John Tafida da shi East ɗin, ka ga iyakar zama kan rubutu ke nan. Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina, shekararsa 22. Ba a ba shi kyauta aka ce sai wata rana ba. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wato gasar ƙofa ce kawai, bayanta akwai gida, akwai tebur, akwai wanda zai karanta, akwai injin bugu.

Na sani, East ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma littattafan karatu yake nema wa makarantun Ingilishi, ba don Allah ya yi ba. Abin da yake so shi ya wuce, abin da ba ya so ya tsaya. Ban ce mu yi kewarsa ba. Tsarin nake nunawa. Kuma tsarin ya sake aiki bayan Turawa sun tafi: gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a 1978 ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, aka buga shi a 1980, ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Mai shirya gasar shi ne mai maɗaba'ar. Kyautar gaske ita ce ka ga sunanka a bango.

Mu kuma a wannan ɓangaren na iyaka wata ƙaddarar muka samu. Lakwal ɗin Faransa ba ta san wani harshe ba sai nata, kakanninmu da iyayenmu sun sha hukunci a kan yin Hausa a filin makaranta. Shi ya sa manyan alƙalumanmu duk da Faransanci suka fito. Ibrahim Issa na Gure ya buga Grandes eaux noires a 1959. André Salifou, haifaffen garin nan, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, da Faransanci ya rubuta tarihin Damagaram da wasan kwaikwayonsa a kan Sarki Tanimun. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia, aka buga a Faris a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin sarauniyar Lugu ne, Bahaushiya, amma tsohuwar da ke Birni ba za ta iya jin littafin ba ko an karanta mata. Ba zargin su nake ba, sun rubuta da alƙalamin da aka ba su, kuma sun rubuta da kyau. Abin da ya rage namu ne.

Kuma kar wani ya ce Damagaram ba ta taɓa gwadawa ba. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar da ake koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. Zamanin yaƙi da jahilci an yi ƴar jarida ta Hausa mai suna Muryar Damagaram, duk wanda yake da kwafinta a adakar kakansa don Allah ya fito mana da ita mu gani. A 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubuta Hausa a Nijar, da ƴ ɗin nan da kuke gani ina amfani da ita a inda ƴan Najeriya suke sa 'y. Sai ga shi a watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta murna. To, an ayyana. Me za a karanta da shi? Doka tana iya naɗa wa harshe rawani, amma ba ta rubuta masa labari ko ɗaya.

Ga wata gaskiya da ba ma so a faɗa. Yawancinmu da muka yi lakwal ba mu iya rubuta Hausa ba. Mun iya faɗa, mun iya zagi, mun iya zambo da habaici da ita fiye da kowa, amma in muka zo rubutu sai ka ga «ina kouana», «moun tchi», «gaskia né». Ku duba sharhin da za a yi a ƙarƙashin wannan rubutu, za ku gani. Ba abin kunya ba ne, ba a koya mana ba. Amma alƙalin gasa a Kano ko Abuja in ya ga haka, ya ga ba a bambanta ƙasa da kasa ba, ba a bambanta ɗaki da daki ba, an haɗe kalmomin da ake rabawa an raba waɗanda ake haɗewa, ajiye takardar yake tun kafin ya kai inda labarin ya yi daɗi. Ana kayar da yaranmu a bakin ƙofa. Wannan aikin zama biyu ne ko uku, in an samu mai koyarwa da allo. Shi ne aikin farko na bita, kuma ba ya buƙatar otal.

Aiki na biyu ya fi wuya, shi ne kar garin gyara a kashe mana baki. Akwai masu ganin duk abin da ba Kananci ba ne kuskure ne. A Damagaram yaro lakwal yake zuwa, kaye da bik ake saya masa, kabu-kabu yake hawa, da dala da jikka ake yi masa lissafi. In marubuci ya sa ɗan Zango yana cewa «naira» ko «ɗan acaɓa» don ya yi kama da littattafan da ya saba karantawa, ya yi wa ɗan Zangon ƙarya. Edita na gari zai gyara maka baƙi mai ƙugiya, ya bar maka maganar garinku yadda take. Irin wannan edita kuwa ba za a aiko mana shi daga wani wuri ba.

Wani zai ce ai ga Kano nan, ba ta kai kilomita 250 ba, me ya sa sai mun yi namu? Kanon ma darasi ce. Daga ƙarshen shekarun 1980, da manyan kamfanonin bugu suka ja baya, matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna duba wa juna aiki, suna tallata wa juna. Masana suka yi musu ca, aka raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. Littattafan kuwa suka ƙetaro ta Daura da ta Magarya, yayyenmu mata suka karanta su a ɓoye cikin kayen lissafi. Ba su jira furoje ba. Amma ku lura, mu masu saye ne kawai a wannan kasuwa. Mun san Sabon Garin Kano da Zoo Road a littafi, su kuma ba su san Tudun Jamus ba, don ba wanda ya rubuta musu.

Yanzu kasuwar ta koma waya. Akwai ƴan matan Nijar da yawa masu rubuta dogayen labarai a zaurukan WhatsApp, kashi-kashi, wasu har ana biyan su kuɗi kafin a sa mutum a zauren, wasu ana karanta nasu a YouTube. Ina girmama su, sun fi masu jawabi a taro aiki nesa ba kusa ba. Suna da masu karatu, abin da marubutan Faransancinmu da yawa ba su samu ba. Abin da ba su da shi shi ne mai ce musu a'a. Masu karatu «ci gaba, Anti» kawai suke cewa, sai labarin da ya kamata ya tsaya a kashi ashirin ya kai kashi ɗari da hamsin. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shekara biyu na aiki sun tafi. Wasu kuma a kwashe labarin a goge sunansu a sa na wani.

Shi ya sa nake nacewa a kan takarda, duk da na san za a ce zamaninta ya wuce. A yi duka biyu mana. A fitar da ita a waya, a naɗi muryar masu karantawa a tura. Amma a samu fitowa ta 1, ta 2, ta 3, da kwanan wata da sunan marubuci, a ajiye kwafi a jami'a, a ajiye a lise Kuran Daga, a ajiye a gidan al'adu na Abdussalam Adam, a ajiye a gidajen mutane. A wurare da yawa, ba wuri ɗaya ba. Mun ga abin da ya faru ranar 16 ga Janairun 2015, ranar zanga-zangar fushi kan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), lokacin da aka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta a garin nan. An yi asarar rayuka a ranar, wannan ya fi komai. Amma ta kuma nuna mana haɗarin garin da ya jingina harkar littafinsa da gida ɗaya, gidan ma rabi na baƙi.

Zancen zaman karatu kuwa, a nan ne nake ganin mun fi kowa sa'a, mun kuma fi kowa sakaci. A alƙaluman da ake bayarwa, manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba. Mujallar da ta tsaya a ido kaɗai ta bar mafi yawan gari a waje. Amma Damagaram garin kunne ne. Garin da ake cika wurin tafsiri da azumi, garin Ma'azu Ɗan Alalo, garin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta su Yazi Dogo ta sa ƙasa duka take zama gaban akwati. Su Yazi Dogo a baki suke tsara yawancin wasanninsu, kowa ya san matsayinsa ya shiga ya yi. Gwaninta ce, amma shi ya sa yau ɗan lise ba shi da takardar da zai ɗauka ya koyi yadda aka gina su. Mun iya ji, ba mu iya ajiyewa ba. Mujalla mai zaman karatu ita ce za ta haɗa biyun.

Wurin zama ma muna da shi. Unguwa nawa ce ba ta da fada? Samari suna zaune daga magariba har tsakar dare, shayi na farko, na biyu, na uku, ana ƙwallon Turai ana siyasa. Labari mai kalma dubu ɗaya da ɗari biyar bai fi minti goma sha biyar a baki ba, bai kai tafasar shayi na biyu ba. Marubuci ya tashi ya karanta nasa a gaban mutanen da ba sa jin kunyarsa. Inda suka yi dariya ya sani, inda suka ɗauko waya suka fara latsawa ya sani. Babu wani farfesa da zai ba shi wannan darasi. Sai dai fada ta maza ce, mafi yawan masu rubutun kuma mata ne, don haka babban zaman wata-wata dole ya zama da rana, bayan la'asar, a filin makaranta ko gidan al'adu, inda uwa za ta bar ƴarta ta je, ko ma ta rako ta. In an naɗa, a kai wa Anfani ko Shukura su sa. Kuma a yarda da ajami. Malamin da ya rubuta waƙarsa da tawada a Birni marubuci ne, a ɗauki hoton shafinsa a buga, a sa boko a gefe.

A kai zaman Kara-Kara ma. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna wa duniya samarin unguwar nan da ake kira ƴan fale, kuma ita ƴar gari ce, ta yi shi da mutunci. Amma kyamara a hannunta take. Ina so in ga ranar da ɗaya daga cikinsu zai faɗi labarinsa da tsarinsa, ko da wani ne zai rubuta masa yana faɗa, a buga da sunansa.

To kuɗi fa? Mu yi lissafi a fili. Mujalla mai shafi 24, takarda ce 6 a ninke biyu, fuska 12 ke nan a injin fotokopi. A ƙaddara kowace fuska dala biyar, kwafi ɗaya ya tashi dala sittin. Kwafi 200 jikka sittin. A sayar dala ɗari-ɗari, in an sayar da 120 an mayar da kuɗin bugu, abin da ya hau a raba wa waɗanda aka buga aikinsu, ko na katin waya ne. Sau huɗu a shekara. Jikka sittin fa, jama'a. Ƙyallen da ake ratayawa da abin taɓawar bita guda ɗaya sun ci haka. Mutum talatin masu ba da jikka biyu duk wata uku sun ɗauki nauyinta, ba tare da an rubuta wa kowa takardar roƙo ba. Na fi son haka, don mai biyan makaɗi shi ke zaɓen waƙa. In wani mai hali ko wata ƙungiya ta kawo gudummawa a karɓa a gode, da sharaɗin ba ta zaɓar jigo, ba ta zaɓar alƙali.

Ita gasar, sau ɗaya a shekara ya isa, kuma ba jigo. Kowa ya rubuta abin da ke hana shi barci. A cire sunaye a sa lamba kafin alƙalai su gani, don garin nan ƙarami ne, kowa ɗan wani ne, kowa ƙanwar wani ce. A faɗi sunayen alƙalan tun farko, bayan an gama su rubuta dalilinsu a buga a mujallar kowa ya karanta, mai jin haushi ya aiko da martani a buga shi ma. Haƙƙin labari ya zauna a hannun mai shi, a koya masa hanyar ofishin BNDA mai kare haƙƙin mawallafa. Abin da na fi damuwa da shi kuwa: duk wanda ya aiko a amsa masa. Ko layi biyar ne. «Farkon ya yi tsawo, uwar ta fi kowa rai a labarin, ki sake shi daga wajenta ki dawo da shi zaman wata mai zuwa.» Wannan layi biyar ɗin ya fi ambulan amfani ga mutum casa'in da ba su ci ba, kuma cikinsu ne marubutan shekara goma masu zuwa suke.

Akwai masu tsoron cewa da an ce Hausa an ture sauran. Tsoron yana da tushe, mun ji yadda wasu ƴan uwanmu suka ji da aka fitar da kundin 2025, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Damagaram ce ma wurin da ya fi dacewa a amsa. Gidan sarautarmu asalinsa Barebari ne, kasuwarmu Buzaye da Fulani da Tubawa suka raya ta tare da mu tun zamanin ayari. A kowace fitowa a ware shafi biyu ko huɗu ga Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, da fassarar Hausa a gefe. Wanda ya rubuta da Faransanci ma kar a kore shi, a fassara shi tsohuwar Birni ta ji.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne samun edita, don aikin baƙin jini ne. Zai ce wa abokinsa a'a. Zai ce wa ƴar mai ba da jikka biyu labarinta bai nuna ba tukuna. Sannan zai sha matsi ta sama da ta gefe, don labari na gaskiya a kan ruwan famfo da ba ya zuwa, ko kan abin da ke faruwa a gidan aure, ko kan yaron da ya tafi Libiya bai dawo ba, dole ya taɓa wani. A Kano a 2007 an tara littattafan Hausa an ƙona a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. A nan ma za a samu mai cewa a kawo ya duba kafin a buga, wani da sunan addini, wani da sunan kishin ƙasa. Edita yana tambaya ne ko labarin ya tsayu da ƙafarsa, mai tacewa kuma yana tambaya wa zai ɓata wa rai, kuma sau da yawa kujera ɗaya suke nema. Don haka kar a bar wa mutum ɗaya. A sa uku, aƙalla ɗaya mace, wa'adin shekara biyu, a rubuta sunayensu a shafin farko. Ɗaya ya fito daga masu nazarin harshe a jami'a saboda ƙa'ida, ɗaya daga malaman makaranta, ɗaya kuma daga marubutan WhatsApp ɗin nan, don ita ta san abin da ke sa mutum ya hana kansa barci yana jiran kashi na gaba.